DAIDAI RUWA DAIDAI TSAKI: WANE INJI YA DACE DA KWALEKWALENKA?

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwar kifi na unguwarmu ta Hausawa a nan Epe ya gabatar a taron ƙungiya, a madadin abokan sana'arsa. Mun buga shi kamar yadda ya karanta, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

  

Shugabannin ƙungiya sun nemi mu 'yan kasuwar kifi mu yi wa jama'a bayani a kan injin kwalekwale, watau injin nan da ake ɗaurawa a gindin jirgi. Dalili kuwa shi ne, a 'yan shekarun nan mutanenmu da yawa sun zuba dukiyarsu a harkar ruwa. Wani ya sayi inji ya ba masunci ana biyansa da kifi, wani ya kwashi adashinsa ya haɗa wa ɗansa jirgi, waɗansu kuma sun yi haɗin gwiwa. A cikinsu akwai wanda ya ci riba, alhamdu lillahi. Akwai kuma wanda har yau bashi yake biya, injin kuwa yana jingine a zaure an lulluɓe shi da buhu. Mu ba injiniyoyi ba ne, amma mun daɗe muna zama da masunta da makanikai a bakin ruwa, kuma mun biya kuɗin makaranta da aljihunmu. Abin da muka koya shi za mu faɗa.

Da farko, lambar nan da kuke gani an rubuta da manyan baƙaƙe a jikin murfin inji, 8 ko 15 ko 25 ko 40 ko 60 ko 75, ita ce ƙarfinsa, wanda ake aunawa da abin da ake kira ƙarfin doki. To, kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne, mun ɗauka kowace lamba ta fi girma ita ta fi alheri, kamar ƙidayar shanu. Mutum zai shiga kanti da niyyar 15, mai kanti ya ce masa ƙaro kaɗan ka ɗauki 40 ka huta, shi kuma ya tuna maƙwabcinsa 40 gare shi, shi ke nan magana ta ƙare.

Haka ta faru da mu. A shekarar 2022 mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi inji mai doki 40, muka ba wani yaron kirki mai kwalekwalen katako na ƙafa 25, bisa sharaɗin kifin da ya kamo mu zai fara kawo wa. Ranar da aka ɗaura shi har goro muka raba. Ba a yi wata biyu ba sai ga yaro ya zo yana cewa kuɗin mai ba ya isa. Muka ƙara. Bayan wannan sai katakon baya, inda aka ɗaure injin, ya fara tsagewa, ruwa yana tsiyaya. Muka kira kafinta. Ana cikin haka sai Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, lita da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta kai dubu har ta wuce. Daga nan sai ya zamana yaro zai fita tun asuba ya dawo da kifi, mu sayar a kasuwar Oluwo, kuɗin duka ya tafi gidan mai. Har muka fara zarginsa da ha'inci, Allah ya yafe mana, alhali bawan Allah ba shi da laifi ko kaɗan. Daga ƙarshe muka sayar da injin da asara, muka sayi mai doki 15. Kifin da yake kamowa bai ragu ba ko da kwando guda.

Me ya sa haka? Wannan ita ce cibiyar maganar, don haka a ba mu hankali.

Jirgin ruwa iri biyu ne ta wajen tafiya. Akwai wanda yake tsaga ruwa yana tura shi gefe, shi ne kwalekwalenmu na katako da na sassaƙe. Akwai kuma wanda idan ya sami ƙarfi yake ɗagowa ya hau bisa ruwa yana zamewa, shi ne jirgin faiba mai faffaɗan gindi irin wanda ke jigilar fasinja tsakanin Ikorodu da Ikko. Na farkon yana da iyakar gudu, kuma tsawonsa ne yake yanke masa ita. Idan yana tafiya yakan tayar da igiyar ruwa a gabansa, kuma gwargwadon ƙarin gudu gwargwadon girman igiyar, har ya zamana jirgin yana ƙoƙarin hawa tudun da shi da kansa yake tarawa. Kwalekwale mai ƙafa 25 gudunsa na daɗi wajen kilomita 12 ne a awa, siriri mara nauyi yakan ɗara haka. Daga nan duk ƙarfin da ka ƙara, mafi yawansa ba ya zama gudu. Sai dai gindi ya nutse, goshi ya ɗaga, igiya ta tashi a baya tana jijjiga jiragen mutane, mai kuma yana ƙonewa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Injinmu 40 ƙara yake yi da ban tsoro, amma abin da yake rage wa yaron a tafiyar awa guda bai wuce minti ashirin ba, kifi kuwa ba ya tambayar wanda ya riga iso.

Saboda haka tambaya ta farko ba ta inji ba ce, ta jirgi ce: wane iri ne, kuma nawa ne nauyinsa idan an cika shi? Ba nauyinsa a kan tudu ranar da kafinta ya gama shi ba, a'a, nauyinsa da yamma lokacin dawowa, katako ya sha ruwa, raga ta jiƙe, kifi yana ciki. Ga misali da namu. Jirgin kansa a jiƙe kamar kilo 400. Mutum uku, kilo 200. Jiƙaƙƙiyar raga da dalmarta da sauran tarkace, 150. Kifi a rana mai kyau, 200. Inji da mai, 60. Kun ga an tashi wajen kilo 1,000, watau tan ɗaya. Ma'aunin da masana harkar jiragen su suke bayarwa ga irin wannan jirgi mai tsaga ruwa shi ne doki 10 zuwa 12 ga kowane tan. Ashe ke nan 15 ya ishe mu har da rara saboda ranar iska. Ƙaramin kwalekwalen mutum biyu masu jefa birgi ko duba gura a bakin ciyawa, 8 ya wadatar da shi. Babban jirgi mai ƙafa 35 ko fiye, mai ɗaukar taru da mutum shida ko takwas, wanda nauyinsa ya kai tan biyu, shi ne gidan 25.

Jirgin faiba kuwa lissafinsa daban ne. Kafin ya ɗago ya hau ruwa yana bukatar doki ɗaya ga kowane kilo 11 zuwa 18 na nauyinsa, watau tan ɗaya zai nemi doki 55 zuwa 90. Shi ya sa kuke ganin 60 da 75 a kansu, ba don alfahari ba. Idan ka sa masa ƙarami ba zai ɗago ba, zai yi ta noman ruwa da goshi sama, ya sha mai a banza. Kuma jirgin da aka ƙera a masana'anta sau da yawa yakan zo da ɗan allo a manne wanda aka rubuta iyakar ƙarfin injin da zai ɗauka da iyakar mutane. Wannan rubutu ba ado ba ne, kada a ƙetare shi. Namu na katako ba shi da allo, sai a tambayi wanda ya ƙera shi, shi ya san kaurin katakon da ya sa.

Tambaya ta biyu ita ce, a wane ruwa zai yi aiki? Ruwanmu na nan, wanda ya haɗa tafkin Lekki da na Ikko, galibinsa ba shi da zurfi, kuma kwance yake in ba iskar hadari ta taso ba. Wannan daban yake da bakin teku. Idan kun je Orimedu za ku ga manyan kwalekwalen nan irin na mutanen Gana da 40 a jikinsu, domin su sai sun keta igiyoyin teku da ƙarfi kafin su fita, kuma wanda ya yi sanyi a wurin igiya za ta mayar da shi ta kife. Su 40 dole ce gare su. Haka nan 'yan'uwanmu Sarkawa na Yawuri da masu su a Lakwaja, da damina kogin Kwara yana da ja, mai hawa sama yana bukatar ƙarin ƙarfi fiye da mai yawo a tafki. Saboda haka kada wani ya ce ai a garinmu kaza ake sa wa. Kowane ruwa da hukuncinsa.

A nan za mu ja kunne ta ɗaya gefen kuma, kada a ce mun zo tallar ƙaramin inji. Wanda ya sa wa jirgin tan biyu inji mai doki 8 don tsimi, shi ma ya yi kuskure. Kullum zai riƙa murɗe shi har ƙarshe, inji ya yi ta kuka daga safe har yamma, ya tsufa tun ba a biya bashinsa ba. Abin da ya fi wannan muni, ranar da hadari ya haɗo daga gabas iska ta tunkaro shi, ba zai iya juya goshinsa ya fuskance ta ba, kuma jirgin da igiya ta daka a gefe shi ne yake kifewa. Injin da ya dace shi ne wanda yake tafiyar da jirgi cike da kaya alhali an murɗa shi kashi uku cikin huɗu kawai, sauran kashi ɗayan yana ajiye saboda ranar tsanani. A daidai wannan murɗi kuma ya fi tsimin mai da daɗewa.

Sa'an nan a tuna inji kansa kaya ne. Yamaha Enduro, wanda ya fi yawa a bakin ruwanmu, mai doki 15 bai kai kilo 40 ba, saurayi ɗaya zai saɓa shi a kafaɗa ya kai gida da dare, ɓarawo bai gan shi ba. Mai 40 ya haura kilo 70, ya fi buhun shinkafa nesa, mai 75 kuwa ya wuce kilo 100. Wannan nauyi duka a gindin jirgi yake, ga direba a zaune kusa da shi, ga tankin mai. Gindi ya yi ƙasa, tsakaninsa da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. To, idan yana gudu direba ya sassauta farat ɗaya, igiyar da ke bin sa a baya sai ta hau ta shigo ciki. Mun ga jirgin da ya nutse haka a gaban idonmu, ba hadari ba iska, Allah dai ya sa kusa da gaɓa ne. Kuma ƙarfin da ya wuce kima shi yake sassauta ƙusoshi yana tsaga katakon baya, kamar yadda ya yi mana.

Yanzu mu zo ga lissafin mai, inda ɗan kasuwa ya fi ganewa. Irin injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, idan an murɗe shi duka, mai doki 15 yana shan wajen lita 7 a awa, mai 40 kuwa wajen lita 20. Ga abin da littafinmu ya nuna. Da 15, awa ɗaya zuwa awa ɗaya dawowa ba tare da murɗewa duka ba, lita 10 ta ishi yaron. Da 40 jarka guda ce ta lita 25. Bambanci lita 15 a rana. Idan ya fita kwana 24 a wata, lita 360 ke nan. A ce lita naira 1,000 ce don sauƙin lissafi, naira 360,000 ta tafi a wata ɗaya, ban da baƙin mai. Don Allah jama'a, tarwaɗa nawa da karfasa nawa za a sayar kafin a mayar da wannan? Addininmu ya hana almubazzaranci, kuma ba a wajen biki kaɗai ake yin sa ba.

Wani zai ce, to in sayi 40 mana in riƙa tafiya a hankali. Maganarsa da ɗan gaskiya, zai rage sha. Amma irin wannan inji idan ya daɗe yana aiki da ƙaramin murɗi ba ya ƙone mai sosai, fulogi yakan yi baƙi, kullum kana wajen makaniki, ga shi ka riga ka biya kuɗin ƙarfin da ba ka amfani da shi. Sa'an nan wa zai tsare maka hannun yaro a tsakiyar ruwa, abokinsa ya zo zai wuce shi? Akwai kuma ɗaya irin injin, wanda baƙin mansa yake daban kamar na mota. Ya fi tsimin fetur ƙwarai, ba hayaƙi, ba ƙara. Sai dai ya fi tsada, ya fi nauyi, kuma ba kowane makaniki ne a bakin ruwa ya iya shi ba. Wanda yake da hali kuma ya tabbatar da mai gyara, ya duba shi.

Bayan an tsayar da lamba, saura abu biyu da mutane suke mantawa. Na ɗaya, tsawon ƙafar inji. Akwai gajerar ƙafa, ta katakon baya mai tsawon inci 15, akwai doguwa ta inci 20. Ka auna katakon jirginka da tef kafin ka je kanti. Faifan ƙarfen nan da ke bisa farfela ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi ko ya sauka kaɗan, kamar inci ɗaya. Idan ƙafa ta gaza, farfela za ta riƙa shaƙar iska, inji ya yi ihu ba tafiya, kuma ba zai sami ruwan sanyaya kansa ba. Idan ta yi tsawo za ta riƙa jan ruwa a banza tana dukan ƙasa, ga ciyawar nan mai kama da kainuwa, wadda ta shigo ruwan Ikko ta wajen Badagiri tun 1984, tana naɗe ta. Na biyu, farfela kanta. Ita ce kamar giyar mota: akwai ta gudu, akwai ta jan kaya. Jirgin su ta jan kaya yake so. Idan an cika jirgi an murɗe inji duka ya kamata ya juya sau 4,500 zuwa 5,500 a minti, makaniki gwani da kunne yake ganewa. Sau da yawa mutum yakan ce injina ya yi mini kaɗan, alhali farfela ce ba ta dace ba, ko ta lanƙwashe. Canza farfela kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabon inji ba.

Ga masu sayen tokumbo, araha ba ta ado. Murfi ana canza shi, lamba ana liƙa ta, don haka a duba ɗan allon ƙarfe da ke jikin maɗaurin injin. Kada a tayar da shi a busasshe ko na minti ɗaya, robar famfon ruwansa za ta ƙone. A sa ƙafarsa cikin duro cike da ruwa, a tabbata ɗan ruwan nan yana tsartowa ta baya da ƙarfi. A kwance man giya a gani, in ya yi fari kamar madara ruwa yana shiga. A tafi da makanikin da kai ka biya, ba na mai sayarwa ba. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji, domin satar inji ta yi yawa, kuma mu baƙi ne a garin mutane, sunan Bahaushe ɗaya in ya ɓaci na unguwa duka ya ɓaci. Wanda ya sayi sabo kuma, awa goma na farko a ninka masa baƙin mai a bi shi a hankali, bayan nan rabin lita ga jarkar lita 25, ko yadda littafinsa ya ce.

Abu guda da babban inji yake jawowa wanda ya fi asarar kuɗi shi ne ruɗin zuciya. Mutum ya ga inji yana ja, sai ya ɗauka jirgi ma zai ɗauka, ranar kasuwa ya loda fasinja da buhuna. Inji yana tura jirgi ne, ba ya hana shi nutsewa. Ba mu manta da jirgin da ya nutse a wajen Warra ta ƙasar Ngaski a Jihar Kebbi a watan Mayun 2021 ba, da na 'yan biki a yankin Patigi ta Jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda mutum fiye da ɗari suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wanda duk ya sayi inji ya haɗa da rigunan kariya na kowane mutum, da filafili da gora da abin kwashe ruwa. Mai kuma a kasa shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya.

Daga ƙarshe, Malam Shugaba, muna da shawara ga ƙungiya. Duk ɗan'uwan da zai karɓi rance daga asusunmu don sayen inji, kada a fitar da kuɗin sai mutum biyu da suka san ruwa sun je sun ga jirgin da idonsu, sun auna tsawonsa da katakon bayansa, sun ƙiyasta nauyinsa. Sa'an nan a ari inji mai lambar da yake so a ɗaura, a loda jirgin kamar ranar aiki, a je a dawo, a auna man da ya sha. Gwajin yini ɗaya ne, kuɗinsa bai fi jarkar mai ba. Da mun yi haka a 2022 da ba mu yi asarar da muka yi ba, da kuma ba mu ɗauki alhakin yaron mutane ba. Kuɗin asusu amana ne, a cikinsa akwai na gwauraye da na masu tura baro. Mu 'yan kasuwar kifi a shirye muke mu raka kowa wannan gwaji ba tare da ko kwabo ba, ku same mu a rumfa bayan la'asar.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma namu ne, masunta da makanikai da ke cikin wannan taro su gyara mana. Allah ya sa albarka a neman kowa, ya tsare 'ya'yanmu a ruwa da tudu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya mayar da kowa gida da alheri.